Ɗana Yana Son Koyon Wayarin, In Cire Shi Daga Makaranta?

Wata baiwar Allah daga unguwar Bolari a cikin garin Gombe ta aiko da tambaya. Ta ce ɗanta maraya ne mai shekara 15, ya gama aji 3 na ƙaramar sakandare, kuma tun yana ƙarami ba shi da abin so kamar haɗa waya da batir da ƙwan fitila. Baffansa ya kawo shawarar a cire shi daga makaranta a kai shi shagon wani mai wayarin, domin a cewarsa masu digiri ma suna zaune babu aiki, ita kuwa ranta bai kwanta da hakan ba. Ta ji an ce a wasu ƙasashe yara suna koyon aikin lantarki a hannun ƙwararru tun suna sakandare, shi ne take son sanin ko akwai irin wannan a nan, da kuma abin da ya kamata ta yi.

Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifinsa da rahama, ya albarkaci rayuwar yaron. Na yi fiye da shekara 30 a wannan aiki, wasu ina koyar da shi a kwalejin fasaha, wasu kuma ina bin gine-gine da yarana tsakanin Gombe da Bauchi, saboda haka na ga yaran makaranta, na ga yaran shago, na kuma san inda kowannensu yake tuntuɓe. Shawarata ita ce yaron ya ci gaba da karatunsa, kuma ya shiga shago tun yanzu, a tafi da biyun tare har tsawon shekara 3 masu zuwa. Wannan abu ne mai yiwuwa a Gombe, sai dai babu wata hukuma da za ta zo ta ɗinke miki makaranta da shago, ke da baffansa ne za ku yi wannan ɗinki da hannunku.

Baffansa yana da gaskiya ta wani ɓangare, kuma bai kamata a raina maganarsa ba. Hannu ba ya koyon aiki a kan allo. Na yaye ɗalibai da za su zana miki wayarin ɗin gida mai ɗaki 4 a takarda ba kuskure, amma idan aka miƙa musu filaya aka ce su fere bakin waya, sai su yanke rabin silin jan ƙarfen da ke ciki. Wannan sai a wurin aiki ake koyonsa, a ƙarƙashin idon wanda ya yi shi sau dubu. Inda na rabu da baffan nasa shi ne, aikin wuta ba kamar kafinta ko gini yake ba. Idan kafinta ya yi kuskure ƙofa za ta ƙi rufuwa a ranar, kowa ya gani, a gyara. Kuskuren mai wayarin kuwa yana shiga cikin bango a shafe shi da siminti, fitila ta kama, fanka ta juya, mai gida ya biya kuɗi ya yi godiya, sai bayan shekara biyu ko uku kuskuren ya tashi cikin dare mutane suna barci.

Akwai wani gida da aka kira ni bayan gobara ta cinye ɗaki biyu a cikinsa, a watan Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke kai maki 40. Da na hau cikin silin na bi wayar da ta rage, sai na tarar an ja layin na'urar dumama ruwa da na na'urar sanyaya ɗaki daga waya guda mai kaurin milimita 1.5, irin wadda ake jan fitilu da ita. An murɗa mahaɗar da hannu an naɗe ta da leda, fiyus ɗin da ya kamata ya tsinke kuma an cire siririyar wayarsa an sa mai kauri saboda yana yawan yankewa. Wanda ya yi aikin ba mugu ba ne, hannunsa ma yana da tsabta, domin bututan da ya binne a bango a miƙe suke kamar an ja da zare. Lissafi guda ne bai sani ba, wanda yaron ajin farko na babbar sakandare zai yi a minti ɗaya. Wutar gidajenmu bolt 230 ce. Na'urar dumama ruwa mai wat 3,000, idan aka raba wannan adadi da 230, tana jan amfiya 13, amfiya kuwa ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta cikin waya. A ƙara amfiya 5 ko 6 na na'urar sanyaya ɗaki, an doshi 19. Waccan siririyar waya kuwa idan tana cikin bututu abin da za ta ɗauka lafiya bai wuce amfiya 15 ko kusa da haka ba, shi ma a kan zafin maki 30 aka yi lissafinsa, alhali tsakanin kwano da silin a watan Afrilu ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Wayar ta yi ta gasuwa a hankali har robar jikinta ta bushe ta farfashe. Fiyus ɗin nan da yake yankewa yana gaya musu gaskiya ne, sai aka toshe masa baki. Wannan lissafi shi ne abin da makaranta za ta ba ɗanki, tare da Turancin da zai karanta rubutun jikin inbata da takardar zanen gini, kuma shago ba kasafai yake bayar da su ba.

Abin da kika ji game da wasu ƙasashe gaskiya ne. A Jamus yaro yakan gama karatun dole yana ɗan shekara 15 ko 16, sai ya sa hannu a yarjejeniya da kamfani, ya riƙa yin kwana 3 ko 4 na mako a wurin aiki, kwana 1 ko 2 a makarantar sana'a, ana biyansa alawus duk wata. Mai koyon aikin lantarki yakan yi shekara 3 da rabi a haka kafin ya zauna jarrabawar ƙarshe, kuma tun 1969 suke da doka ta musamman da ta tsara yadda kamfani zai koyar da mai koyon sana'a. A Suwizalan kusan biyu bisa uku na matasa wannan hanya suke bi bayan karatun dole, ba tare da ana ganin sun gaza ba. A Amurka mai son zama cikakken ma'aikacin lantarki yakan yi shekara 4 zuwa 5, da awa 8,000 na aikin hannu a ƙarƙashin ƙwararre, haɗe da darasin aji na aƙalla awa 144 a shekara, kuma jihohi irin su Wiskonsin sun buɗe ƙofar tun daga azuzuwa biyu na ƙarshen sakandare, inda ɗalibi ke raba lokacinsa tsakanin aji da wurin aiki, ana rubuta masa awowinsa. Abin lura a duk waɗannan wurare shi ne babu inda aka ce yaro ya zaɓi ɗaya tsakanin aji da wurin aiki, kuma akwai takarda da ke bin sawun abin da ya koya.

Mu ma ba mu rasa wannan tunani ba, aiwatarwa ce take ba mu wuya. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 an gina shi ne a kan yaro ya taɓa sana'a tun a ƙaramar sakandare, har aka sayo injuna daga waje, waɗanda da yawansu suka tsufa a cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu malamin da zai kunna su. A 2011 aka sa darussan sana'a 34 a manhajar babbar sakandare, aikin wayarin yana cikinsu, sannan a 2025 Gwamnatin Tarayya ta sake fasalin manhajar ta rage su zuwa 6, haɗa sola da gyaranta yana ciki. A takarda duk wannan yana da kyau. A zahiri kuwa, a makarantu da yawa darasin sana'a ya zama abin da malami ke rubutawa a allo yara su kwafa, su haddace sunan kayan aikin da ba su taɓa riƙewa ba.

To ga abin da ke gabanki. Tun da yaron ya gama aji 3 yanzu, ya tsaya daidai mararraba, kuma hanya mafi kusa da abin da kike nema ita ce kwalejin fasaha. Akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta gwamnati a cikin garin Gombe, akwai irinta a wasu garuruwan jihar da kuma jihar Bauchi. Shekara 3 ake yi, ɗalibi ya zaɓi sana'a guda kamar wayarin da gyaran kayan lantarki, yana kuma yin Lissafi da Turanci da Fiziks da zanen fasaha, a ƙarshe ya zauna jarrabawar NABTEB, hukumar shirya jarrabawar sana'a da fasaha da aka kafa a 1992 mai hedikwata a Benin. Takardar da take bayarwa, wato NTC, ana karɓarta wajen neman gurbin karatu na gaba kamar yadda ake karɓar ta WAEC ko NECO, muddin ya ci darussan da ake buƙata. Iyaye da yawa ba su san wannan ba, shi ya sa suke ganin kwalejin fasaha kamar ƙofa ce da ake rufewa a bayan yaro. Daga can yana iya wucewa babbar kwalejin kimiyya da fasaha, wato foliteknik, ta Tarayya da ke Bauchi ko ta Kaltungo, ko ta Abubakar Tatari Ali, ko ta jiha da ke Bajoga, ko ma Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa idan makinsa ya kai. Kafin ki yanke shawara a kan kowace makaranta, ki je da kanki ko ki tura baffansa, a roƙi a nuna muku ɗakin aikin hannu. Ku duba ko akwai allunan katako da aka kafa wa soket da makunni, ko akwai guntayen waya a ƙasa, ko ƙofar tana da alamar ana buɗe ta kullum. Ɗakin aikin da aka share tas, kayan cikinsa duk a kulle a kabad, ba a koyon komai a cikinsa.

Idan hakan bai samu ba, saboda nisa ko rashin gurbi, ya shiga babbar sakandare ta yau da kullum a ɓangaren kimiyya. Ko wacce ya shiga daga cikin biyun, shago yana nan daram, ranar Asabar da dukan hutun zango, ba tare da an taɓa lokacin Islamiyyarsa ba. Mu yi lissafin tare. Asabar 38 a shekara, awa 8 kowace rana, kusan awa 300 ke nan. Mako 10 na hutu, awa 40 a mako, awa 400. Jimla awa 700 a shekara, a shekara 3 kuma 2,100, wato kusan rubu'in awa 8,000 ɗin can na Amurka. Na kawo wannan ne don kada a yaudari yaron ko a yaudare ki. Ranar da zai gama sakandare zai zama mataimaki mai amfani wanda kowane maigida zai so ya riƙe, yana iya samun na kashewa, amma bai kai a ba shi gidan mutane shi kaɗai ba. Da sauran shekara 2 ko 3 na cikakken aiki a gabansa, kuma yaron da aka gaya wa haka tun farko ba ya saurin ɗaukar jaka ya ce ya iya.

Yanzu sai babbar magana, wato hannun wa za a danƙa shi. A nan ne yawancin iyaye suke sakaci, domin sukan kai yaro wurin maƙwabci ko ɗan'uwa ko wanda shagonsa ya fi kusa, alhali ɗabi'un da yaro ya ɗauka a shekararsa ta farko su ne za su bi shi har tsufa, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada a duba girman shago ko yawan yara. Baffansa ya bi mutumin zuwa wurin aiki sau ɗaya, ya tsaya gefe ya zuba ido. Shin kafin ya taɓa waya yana zuwa ya kashe wutar daga babban akwati, ya dawo ya gwada da abin awo, ko kuwa da bayan yatsa yake gwadawa? Yana da mitar awon wuta ta hannu, ko ɗan tasta mai kama da sukundireba kawai yake yawo da shi a aljihu? Yana kafa ƙarfen atin a ƙasa, wanda ke zubar da wutar da ta yi yoyo zuwa cikin ƙasa, ya ja wayarsa zuwa kowane soket, ko yana cewa ɓarnar kuɗi ce? Idan mai gida ya sayo waya mai arha, wadda cikinta sanholo ne aka shafa masa ruwan jan ƙarfe, yana gaya masa gaskiya ko yana binnewa ya karɓi kuɗinsa? Sannan a tambayi mutanen unguwa ko an san shi da hawa falwaya cikin dare ko zagaye mita. Wanda aka sani da wannan, komai ƙwarewarsa, kada ɗanki ya kwana ɗaya a hannunsa, domin zai koya masa sata da sunan sana'a, ga shi laifi ne a doka, ga kuma layin bolt 11,000 da ke saman wasu turakun, wanda ba sai an taɓa shi yake kisa ba, kusantarsa kawai ta isa.

Ina nanata maganar gwaji ne saboda abin da ya faru a hannuna. Shekarun baya muna gyara a wani gida, na sa wani yarona mai kimanin shekarun ɗanki ya canza mazaunin ƙwan fitila a falo. Ya kashe makunnin bango, fitila ta mutu, ya hau tsanin ƙarfe da silifas, ƙasa kuwa da danshi domin an goge tayil ba da jimawa ba. Ina ɗaki na gaba na ji wani irin nishi, na fito na same shi ya ƙanƙame mazaunin fitilar, yatsunsa sun ƙi buɗewa, idanunsa a waje. Allah ya sa babban akwatin yana bakin ƙofa, na kai hannu na kashe, ya faɗo a jikina. Da muka bincika sai muka ga wanda ya yi wayarin ɗin gidan tun farko ya sa makunnin ne a kan nutural, wayar da wuta ke komawa ta cikinta, maimakon layif, wayar da ke kawo wutar, saboda haka fitila tana mutuwa amma wutar tana nan a tsaye cikin mazaunin tana jira. Laifin nawa ne, domin ni ne babba a wurin, kuma ban tsaya na ga ya gwada ba. Har yau akwai tabo a tafin hannunsa, kuma tun daga ranar babu yaron da ke taɓa waya a wurina sai ya kashe daga tushe, ya sa makullin akwatin a aljihunsa ko ya tsayar da mutum a wurin, ya gwada abin awonsa a inda ya san akwai wuta, ya gwada wayar, ya sake gwada abin awon. Mutane suna ɗauka sai wuta mai yawa take kisa. Kashi 10 cikin 1,000 na amfiya ɗaya ya isa ya hana mutum sakin waya, abin da ya haura kashi 30 kuma yana iya rikita bugun zuciya, wanda bai kai abin da tsohon ƙwan fitila mai wat 60 yake ja ba. Shi ya sa ake sa bireka mai gane yoyon wuta, wadda ke katsewa a miliamfiya 30, wato wancan kashi 30 ɗin, kuma ina roƙon duk mai gina gida da ya sa ta ko da zai rage adon silin.

A wannan gaɓa akwai abin da ke kanki ke ma, Hajiya. Ki tabbata yaron ya san abin da ake yi idan wuta ta kama mutum, wato kada ya taɓa shi da hannu, ya kashe wutar, idan babu hali ya ture shi da busasshen katako, idan ba ya numfashi a shiga danna ƙirji ba tsayawa har a kai asibiti. Ɗura wa wanda ya suma madara, kamar yadda ake yi a unguwanni, ba ya maganin komai, yana ma iya shaƙe shi.

Idan an samu maigidan kirki, a rubuta yarjejeniya. Na san a al'adarmu ana jin nauyin haka, sai a ce ai amana ce, an kai yaro da goro an yi addu'a shi ke nan. A yi addu'ar, a raba goron, amma a rubuta. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta tanadi cewa uba ko mariƙi na iya sa yaron da ya haura shekara 12 bai kai 16 ba koyon sana'a da yardar yaron, a rubuce, na tsawon da bai wuce shekara 5 ba, kuma jami'in ƙwadago ya shaida. Ko ba ku kai ga ofis ba, takarda guda a gaban mai unguwa ko limami za ta raba gardama. A rubuta ranakun da zai zo, da cewa ba za a kira shi ranar makaranta ko makon jarrabawa ba, da cewa ba zai hau falwaya ba, ba zai taɓa waya mai wuta ba, ba za a bar shi shi kaɗai a wurin aiki ba. A rubuta kuɗin abinci da na mota, komai ƙanƙantarsu. Dalilin duk wannan shi ne abin da na sha gani, yaro ya shekara biyu a shago bai san komai ba sai fasa bango da guduma, da ɗaukar tsani, da sayo wa oga abinci. Fasa bango yana cikin aikin, kowa da shi ya fara, amma wata 3 ya ishe shi.

Ki saya masa littafi mai bango mai ƙarfi, duk ranar da ya je aiki ya rubuta kwanan wata, da abin da aka yi, da kaurin wayar da aka sa, da dalilin sa ta, maigida ya sa hannu a ƙarshen wata. Ke kuma ki riƙa karɓa kina dubawa, ko ba ki gane abin da ke ciki ba, ki ce ya bayyana miki. Yaron da zai iya fahimtar da mahaifiyarsa dalilin da ya sa ake jan soket da waya mai 2.5, fitila da 1.5, abin girki da 6, ya fahimci abin da kansa. A shekarar farko ya kamata littafin ya nuna shimfiɗa bututu, jan waya, haɗa makunni da soket, da fitila mai makunni biyu. A ta biyu ya shiga akwatin rarraba wuta, da atin, da na'urar sauya layi tsakanin wutar gari da janareta, wadda rashinta ke sa wutar janareta ta koma kan layin waje ta kashe ma'aikacin da ke kan turke yana zaton babu wuta. A ta uku ya fara neman inda matsala take a wayarin ɗin da wani ya yi, wanda shi ne ainihin ma'aunin gwani, ya kuma taɓa layi uku mai bolt 400 da ake tayar da injin niƙa da famfon burtsatse da shi. Idan ya ga abu a wurin aiki bai gane ba, ya kai wa malaminsa na makaranta ranar Litinin, idan kuma ya koyi lissafi a aji, ya nemi inda yake a bango ranar Asabar.

Maganar takardun shaida ba ta da tsawo. Bayan NTC akwai gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya mai mataki 3, ana farawa daga na uku a hau zuwa na ɗaya. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, da ke Kaduna tana da tsarin auna ƙwarewa wanda ke karɓar abin da mutum ya koya a shago, kuma littafin nan zai yi masa amfani a can. Idan ya girma yana son karɓar kwangila da sunansa, hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ce ke tantance masu aikin haɗa lantarki ta ba su shaida. Hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, mai hedikwata a Jos, da hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, NDE, su ma sukan buɗe horon sana'a lokaci zuwa lokaci, yana da kyau baffansa ya riƙa leƙa ofisoshinsu na jiha.

Game da ko aikin zai ci da shi, ban da shakka a kai. Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, kuma wanda ya san Tumfure shekara 20 da suka wuce ya san yadda gari ya buɗe, kowane sabon gida kuwa sai an ja masa waya. Akwai tashar wuta ta Dadin Kowa mai megawat 40, akwai kamfanin siminti na Ashaka, akwai kamfanin rarraba wuta na Jos da ke kula da Gombe da Bauchi da Filato da Binuwai, duk suna buƙatar masu hannu da takarda. Amma kasuwar da ta fi buɗewa ita ce ta sola. Tun bayan da aka lalata turakun babban layin Jos zuwa Gombe a watan Afrilun 2024, aka yi makonni cikin duhu, masu shaguna da asibitoci da masallatai da gidaje suka koma kan faifan sola da batir. A nan ne kuma yaron da ya tsaya a makaranta zai yi wa na shago zalla nisa, domin aikin sola lissafi ne tun daga farkonsa: wat nawa gidan ke ci, awa nawa a yini, batir nawa zai ɗauka, faifai nawa za su cika shi kafin la'asar, wane kaurin waya zai ɗauki wutar batir mai bolt 24 ko 48, wadda amfiyarta ke da yawa har takan narkar da siririyar waya. Yawancin solar da ake kirana in gyara kayanta lafiyayyu ne, lissafin ne ba a yi ba, sai mai gida ya ce an sayar masa da jabu. Wannan hanya kuma a buɗe take ga 'yan mata, na koyar da wasu a kwaleji, kuma akwai gidajen da matan ciki za su fi sakewa idan mace ce ta shigo gyara.

Abin da ya rage shi ne baffansa, kuma ina ba ki shawarar kada ki tunkare shi kamar kin ƙi maganarsa, domin rabin abin da na faɗa nasa ne. Ki gaya masa kin yarda yaron ya shiga shago, ki roƙe shi shi da kansa ya nemo maigidan, ya bi shi wurin aiki, ya sa hannu a takardar a matsayin uba, ya riƙa leƙawa duk wata. Ke kuma ki riƙe ɓangaren makaranta da littafin. Kafin ranar farko a saya wa yaron takalmi rufaffe mai ƙasan roba, da filaya da sukundireba masu rufin roba har wuya, da ƙaramar mitar awon wuta tasa ta kansa, a rubuta sunansa a jikinta. Idan kuɗin bai kai a sayi duka a lokaci ɗaya ba, a fara da takalmin da mitar, sauran ya ara a shago kafin Allah ya hore.